Tarin Chinenye

Asabar, 18 ga Afrilu, da hantsi

Zazzaɓin bai sauka ba, ga tari ya ƙaru. Na kwashe kayana na hawo ɗakin bene, na ce kada yarinya ko ɗaya ta taka matakala. Ban faɗa musu sunan abin da nake tsoro ba, su ma ba su tambaya ba.

An kulle gari tun ranar Alhamis. Kafin nan an rufe hanyoyin fita jiha, shi ya sa da aka sallami makarantu 'yan matanmu goma sha ɗaya suka maƙale a ɗakin kwana, na Maiduguri da Yola, da na Anaca da Aba. Iyayensu sun ce a riƙe musu su sati guda, ga shi wata ya kusa cika.

Hajiya mai makaranta tana Abuja. Baba Almu mai gadi ya ajiye makullin ƙofa a kan benci ya tafi ƙauyensu. Inna Huseina, wadda take dafa musu abinci take kwana tare da su, ta tafi Rijiyar Lemo ranar Laraba duba mijinta, ta ce za ta dawo kafin a kulle. Ba ta dawo ba. Saura ni, malamar Turanci da aka roƙa ta zauna kwana biyu ta taimaka.

Ban taɓa jin Sabon Gari shiru haka ba. Ko gudumar masu gyaran mota ba a ji.

Lahadi, 19 ga Afrilu, bayan la'asar

Yau sun burge ni. Daga taga nake kallonsu, suka taru a gindin darbejiya, suka ce sai an yi shugaba. Amarachi ta tsaya, Ruwaida ma ta tsaya, dukansu 'yan ajin ƙarshe. Aka ɗaga hannu, Amarachi ta ci. Ruwaida ta tafa mata, har ta rungume ta.

Nan take suka raba aiki: masu girki, masu shara, masu kula da tankin ruwa. Makullin sito yana wuyan Amarachi a zare. Suka ɗaura bokiti a igiya, suna sako mini abinci ina jawowa ta taga.

Amarachi ta ɗago kai ta ce, "Malama Jawahir, ki kwanta kawai. Mun iya."

A zangon da ya wuce mun karanta labarin wasu yara maza da suka maƙale a wani wuri ba babba tare da su, suka lalace. Ruwaida ce ta ce mini a aji, "Malama, ai don maza ne. Da mata ne da sun share wurin sun ɗora tukunya." Yau na ga sun share, sun ɗora tukunyar. Shinkafar ta ɗan caɓe, amma na cinye.

Talata, 21 ga Afrilu, da safe

Murya ta tafi. Na buɗe baki in amsa gaisuwarsu, iska ce kawai ta fito.

Na tura wa Hajiya saƙo. Ta amsa da cewa Allah ya ƙara sauƙi, tana magana da mutane.

Alhamis, 23 ga Afrilu, da yamma

An buɗe gari yau don sayayyar azumi. Ƙanena Abdulƙahhar ya bar shagonsa na Kwari a rufe, ya taho daga Fagge da buhun shinkafa da wake da maganin zazzaɓi. Ya tsaya a tsakar gida yana kallon tagata.

"Yaya, ki sauko in kai ki gida."

Na girgiza kai. A gidan akwai Babanmu, ga shekaru ga ciwon suga. Kuma in na tafi wa zan bar wa yaran?

"To in kwashi yaran?"

Na rubuta masa a waya: ka kai su ina? Ɗakinka ɗaya da falo, kuma ba mu san ko sun ɗauka a wurina ba. Ya karanta, ya sosa ƙeya. Ya ce wa yaran su kula da malamarsu, suka amsa baki ɗaya kamar a taron safe. Ya tafi hankalinsa a kwance, nawa ma haka.

Na yi ta kiran wayar Inna Huseina, tana ƙara ba a ɗauka.

Asabar, 25 ga Afrilu, bayan azahar

An ɗauki azumi jiya. Na yi zaton in rigima za ta zo ta nan za ta zo, masu azumi gefe, marasa yi gefe. Ba haka ba ne. Marasa azumin ma suna taya su yanka albasa da yamma.

Makulli ne. Ruwaida ta karɓa don girkin sahur, da gari ya waye ta ƙi mayarwa. Ina jin su ta taga.

"Ni aka zaɓa," in ji Amarachi.

"An zaɓe ki ki yi magana. Ni nake tashi in dafa. Je ki duba madara, ƙananan nan sun kusa ƙarar da ita kina kallo."

Gaskiya ne madarar ta yi ƙasa, kuma Amarachi ba ta iya hana yaro abu ba. Na buga cokali a ƙarfen taga. Suka ɗago, suka jira in yi magana. Da suka ga babu abin da ya fito, suka ci gaba da musunsu. Makullin yana wuyan Ruwaida.

Zafi ya yi yawa. Ba wuta tun jiya.

Litinin, 27 ga Afrilu, da safe

'Yar Inna Huseina ce ta ɗauki wayar. An kai Inna makwancinta jiya, mijinta ya riga ta da kwana biyu. Allah ya jiƙansu.

Litinin, da yamma

Na rubuta a takarda na saka a bokiti, don su yi mata addu'a. Amarachi ta karanta musu. Sun yi kuka sosai. Da kukan ya lafa sai na ji wata ta ce, "Wa yake kwana kusa da gadon Inna?"

Duk suka juya suka dubi ƙaramarsu.

Talata, 28 ga Afrilu, da yamma

Chinenye ce ƙaramarsu, 'yar aji ɗaya. Mahaifiyarta ta rasu, shi ya sa ta liƙe wa Inna, tabarmarta kullum a gindin gadonta. Tana da asma tun zuwanta, kowa ya san tarinta, a aji ma har kwaikwayonsa suke yi suna dariya da ita. Tarin bai canja ba. Yau dai ba mai dariya.

Sun fito da katifarta sun ajiye a barandar ajin kwamfuta. Ruwaida ta ɗauko alli ta ja layi a ƙasa daga bango zuwa bango. Chinenye ba za ta tsallake ba. Da doguwar sanda ake tura mata kwanon abinci.

Nana Fatima, ƙawarta 'yar Yola, ta zauna a bakin layin suna hira. Aka kira ta, ta ƙi tashi. Aka ce da shan ruwa ba za a zuba mata abinci ba. Da la'asar na ga ta koma cikinsu.

Na rubuta da manyan baƙaƙe: asma ce, ba ta yaɗuwa, ku mayar da ita ɗaki. Na saukar da bokiti. Amarachi ta miƙa hannu za ta ɗauka, Ruwaida ta ce, "Takardar mai ciwo za ki taɓa?" Ta janye hannun. Da sanda suka ɗauki takardar suka jefa a murhu.

Laraba, 29 ga Afrilu, da rana

Na buga cokali har hannuna ya gaji. Sun daina ɗagowa.

Alhamis, 30 ga Afrilu, bayan azahar

Sun yanka labulen ɗakin kwana, shuɗin nan, sun ɗinka takunkumin fuska. Ba kowa aka ba ba, sai wadda Ruwaida ta yarda da ita. Masu takunkumi su suke fara cin abinci, su suke fara ɗiban ruwa. Daga sama ba na iya bambance su, ido kawai nake gani da hijabi ko ɗankwali.

Yanzu kuma akwai kotu a gindin darbejiya. Yau Nana Fatima aka gurfanar, wai an ga ta jefa wa Chinenye dabino. Aka sa ta durƙusa a kan siminti da tsakar rana, tana azumi. Kowace mai takunkumi ta zo ta tsula mata tiyon ruwa a baya, ɗaya bayan ɗaya. Wata 'yar aji biyu da ba ta taɓa ɗaga murya a ajina ba, ita ta fi kowa sakin hannu. Na gane ta da takalminta.

Na miƙe zan sauka. A bakin ƙofa jiri ya ɗebe ni, na farka a ƙasa, leɓena a fashe. Ko da na rarrafa na koma taga sun gama, suna jajjagen kayan miya.

Na kira lambar jami'an lafiya da Hajiya ta turo mini, ba ta shiga. Na tura wa Abdulƙahhar saƙo. Ya fito, aka mayar da shi daga shingen titi. Ya ce ya roƙe su har ya gaji. Hajiya ta ce yara ne, wasa suke yi, kada in sa wa kaina damuwa ina fama da jiki.

Wasa suke yi.

Juma'a, 1 ga Mayu, da safe

Baban Chinenye, Nwabueze, ya yi ta kira. Kayan gyaran mota yake sayarwa a nan Sabon Gari, ya je Anaca sayo kaya aka rufe hanya da shi a can. Na rubuta masa cewa ba ni da murya. Ya turo saƙon murya da Hausarsa ta 'yan kasuwa:

"Malama, sannu da jiki. Don Allah ki ba ni yarinya in ji muryarta. Maganinta na shaƙa yana nan? In zafi ya yi yawa ƙirjinta yana kullewa."

Na leƙa. Tana zaune a bayan layin alli, ta haɗa kai da gwiwa. Na rubuta masa cewa tana ƙasa ni ina sama, ba a haɗa waya da mai ciwo. Duk abin da na rubuta gaskiya ne. Ya yi godiya.

Asabar, 2 ga Mayu, da la'asar

Amarachi ta sa takunkumi.

Bokitina bai zo ba yau.

Litinin, 4 ga Mayu, da yamma

Jiya ban iya rubutu ba.

Tun safe Chinenye take tari ba tsayawa. Wajen azahar ƙishirwa ta dame ta, ba wadda ta tura mata ruwa, sai ta tsallake layin ta je famfo ta kafa baki. Wata ta gan ta ta yi ihu wai ta sa wa ruwan kowa cuta.

Ba su ma yi kotun ba. Suka zagaye ta da tsintsiya da sanduna, aka kawo bokitin ruwan maganin wanke banɗaki aka juye mata daga kai. Abin shaƙarta ya faɗi daga aljihu, wata ta sa ƙafa ta shure shi cikin kwata. Suna tafi suna rera wata waƙar banza da suka ƙirƙira da sunanta. Sai na ga an ɗauke ta, masu hannu da masu ƙafa, an nufi ɗakin janareta. Ɗakin kwano ne, ba taga, warin man dizal kawai. Suka tura ta suka sa kwaɗo.

Da farko ina jin tana buga ƙofa tana kiran Inna. Daga baya tari kawai. Daga baya ban ji komai ba.

Ban san yadda na sauka ba. A zaune na bi matakalar, ina jan jiki. Da na fito tsakar gida rana ta dalle mini ido, na dafa bango. Suna ganina suka watse da gudu, kowa ta manne a jikin katanga. Ni ce abin da suka fi tsoro a gidan, sai lokacin na tuna.

Ruwaida ce kaɗai ta tsaya, makullai a wuyanta. Na miƙa mata hannu.

"Malama, ki koma sama. Don lafiyar kowa muka yi. Ke ma ai kin killace kanki."

Na sake miƙa hannu. Ta ja baya.

"In ta fito duk mutuwa za mu yi kamar Inna."

Tsoro take ji da gaske, na gani. Amma daga ɗakin can babu motsi. Na sauke mayafin da na rufe hanci da baki da shi, na nufe ta. Tana ja da baya ina bin ta, har bayanta ya taɓa tankin ruwa. Na matso har ina ganin gumin goshinta, na buɗe baki na ja numfashi kamar zan yi tari a fuskarta.

Ta fizge zaren ta wurgar a ƙasa, ta durƙushe tana kare fuska da hannuwa.

Ɗalibata ce. Shekara uku ina koya mata.

Chinenye tana kwance a bayan ƙofa, leɓunanta sun yi duhu, ƙirjinta yana ƙara kamar usur. Ban iya ɗaga ta ba. Na dube su ɗaya bayan ɗaya. Nana Fatima ce ta taho, bayanta duk shatar tiyo, ta kama ƙafafunta. Ita ce kuma ta sa hannu a kwata ta lalubo abin shaƙar, ta wanke a famfo. Muka jingina ta a inuwar matakala, na cire mata rigar da ta jiƙe da magani, ina matsa mata tana shaƙa, Nana tana yi mata fifita da murfin kwali. An daɗe kafin ƙarar ta ragu.

A ɗakina suka kwana su biyun. Na san abin da hakan yake nufi. Na buɗe taga, na juya musu baya, na rufe fuskata da zane. Ƙasa da sama, na zaɓi sama.

Yau an buɗe gari na 'yan awoyi. Abdulƙahhar ya zo da mai adaidaita, muka kai ta wani ƙaramin asibiti. Sun yi mata turaren magani, sun wanke mata ido. Ma'aikaciyar ta tambayi me ya ƙona mata fatar wuya. Abdulƙahhar ya dube ni. Da ina da murya ma ban san me zan ce ba.

Laraba, 6 ga Mayu, da hantsi

Zazzaɓina ya sauka. Kullum ina taɓa goshin yaran nan biyu. Sanyi ƙalau, zuwa yanzu.

Chinenye tana cin abinci, amma ba ta zuwa kusa da taga.

Juma'a, 8 ga Mayu, bayan azahar

Murya ta fara dawowa, a dishe. Na sauka na zauna nesa da su a kan bencin Baba Almu.

Sun wanke layin alli. Ba takunkumi ko ɗaya, ban san inda suka kai su ba. Tsakar gida fes. "Ina wuni, Malama. Ya jiki, Malama." Har da russunawa. Wannan ya fi komai ba ni haushi. Da sun yi mini rashin kunya da na san ta inda zan fara.

Na ce su faɗa mini yadda aka yi. Kowa ta ce ita tana baya, ba ta gani sosai ba. Ruwaida ta ce ita dai makulli kawai ta riƙe, kuma ta tambaye ni ko zan gaya wa Abbanta. Na ce zan gaya wa iyayen kowa. Ta yi kuka, amma ban san wanne take wa kukan ba.

Da suka tashi Amarachi ta tsaya.

"Malama, ni na riƙe hannunta na dama."

Na ce na gani.

"Tana ce mini Anti Amarachi, Anti Amarachi. Da Ibo take roƙona, don ta san ni zan ji." Ta sunkuyar da kai. "Yunwa nake ji, Malama. Sun ce in ban kama ba ni ma bayan layi zan koma."

Na so in rarrashe ta, na so in mare ta. Na ce ta je ta ɗora ruwan shayi.

Lahadi, 10 ga Mayu, da safe

Na rubuta wa Hajiya komai. Ta kira, ta ce kada maganar ta fita, sunan makaranta. Na ce muryata ba ta fita sosai, na kashe.

Alhamis, 14 ga Mayu, da yamma

Nwabueze ya iso yau. A bayan motar kayan abinci ya taho, kwana da kwanaki a hanya, ya rame, rigarsa duk jan ƙasa. Ya ce yau da dare motar za ta juya, zai kai Chinenye wurin kakarta.

Na yi niyyar in ja shi gefe tun daga ƙofa, amma bai ba ni dama ba. Ya ɗaga 'yarsa sama yana juyi da ita, yana magana da Ibo yana dariya. Ya ga tabon wuyanta, ta ce masa ruwan zafi ne. Sai ya koma waje ya shigo da kwalin biskit da lemon kwalba, ya ajiye a gindin darbejiya, ya kira yaran duka.

"Ku zo, 'ya'yana. Malama ba lafiya, Inna ta rasu, ku kuka riƙe mini yarinya. Ba ta da uwa, kun zama uwarta. Masu azumi ku ajiye na shan ruwa. Allah ya saka muku."

Suka zo. Ɗaya bayan ɗaya suka miƙa hannu biyu suka karɓa, suna cewa mun gode, Baba. Amarachi kaɗai ta shige ɗaki.

Da za su tafi na bi shi da Chinenye zuwa ƙofa, yana gaba ɗauke da akwatinta a kai. Na ce, "Baban Chinenye, tsaya, akwai magana."

Chinenye ta kama hannuna ta matse. Tun ranar Lahadin can ba ta ce mini komai ba sai i da a'a. Ta jawo ni ƙasa ta yi magana a kunnena.

"Malama, ki bari. Ni zan faɗa masa, amma sai mun wuce Zariya."

Na ce me ya sa.

"Ba ki san Babana ba. In ya ji a nan, zai koma ciki."

Ya juyo da akwati a kai, yana murmushi. "Malama, me ce ce maganar?"

Na ce ya tabbata maganinta na shaƙa yana aljihunta a hanya, kuma ya kira ni in sun sauka, ko da wane lokaci ne, zan ɗauka. Ya ce ba damuwa. Ta saki hannuna ta bi shi, ba ta waiwayi gidan ba.

Na sa wayar a caji, na ƙara mata ƙara. Na zauna kusa da ita.